Alkawarin da Ke Bakin Allo: Nazari a kan Kafofin USB da Mahaɗan Ƙari a Allunan Gwajin Ƙananan Ƙwaƙwalen Lantarki

Tsakure

Wannan takarda ta dubi kafofin USB da mahaɗan ƙari na allunan gwaji, wato allunan da ɗalibai da injiniyoyi ke koyon sarrafa ƙananan ƙwaƙwalen lantarki a kansu, irin su Arduino Uno da Raspberry Pi Pico da ESP32 da STM32 Nucleo. Matsayinta shi ne, mahaɗan da ke gefen allo sun fi cif ɗin da ke tsakiyarsa yanke masa tsawon rai da amfani, kuma masu ƙera allunan sun yi saurin daidaita surar mahaɗai, suka bar ƙa'idar wutarsu da aikin ƙafafunsu a baya. Daga wannan giɓi ne mafi yawan matsalolin da mai koyo ke ɗora wa kansa suke fitowa.

Gabatarwa

Duk mai tallar allo, abin da yake fara ambata shi ne saurin ƙwaƙwalwarsa da girman ma'adanarta. Ba laifi ba ne, domin su ne alƙaluman da ke da sauƙin kwatantawa. Sai dai tarihin allunan nan bai goyi bayan wannan fifiko ba. Arduino Uno na shekarar 2010 yana ɗauke da cif ɗin ATmega328P mai gudun megahaz 16 da ma'adanar aiki ta kilobait 2. Uno R4 da ya fito a 2023 yana ɗauke da Renesas RA4M1 mai gudun megahaz 48, wanda ko tsarin gininsa bai haɗa dangi da na farko ba. An sauya ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, amma jerin ramukan da ke gefen allon suna nan inda aka bar su. Kamfanin da ya iya sauya zuciyar hajarsa bai iya matsar da ramukan gefenta ko da milimita ɗaya ba, kuma wannan ya isa ya nuna inda nauyin yake.

Mahaɗi alkawari ne tsakanin wanda ya ƙera allo da duk wanda zai jona masa wani abu nan gaba. Alkawarin kuwa hawa-hawa ne. Akwai na sura, cewa fulogi zai shiga. Akwai na wuta, cewa bolt nawa zai fito, kuma wuta nawa za a iya ja. Akwai na aiki, cewa ƙafa kaza za ta yi abu kaza. Na farko kaɗai ido ke gani, shi ya sa mai saye ke ɗauka cewa idan ya cika, sauran ma sun cika.

Yadda kuskure ya zama doka

An fara Arduino a 2005 a wata makarantar zane da ke garin Ivrea na Italiya, ƙarƙashin Massimo Banzi da David Cuartielles da abokan aikinsu. Ƙa'idar tazarar ƙafafu a wannan sana'a ita ce milimita 2.54, kuma a kanta aka gina allon ramuka da ake gwaji da shi ba tare da dalma ba. A gefen Arduino kuwa, tsakanin ƙafa ta 7 da ta 8, an bar tazarar kusan milimita 4.06, wadda ba ta faɗa kan wannan ma'auni ba. Kuskure ne aka yi wajen zana allon farko. Sakamakonsa shi ne mutum ba zai sayi allon dalma mai arha ya kifa shi kai tsaye a kan Uno ba, sai ya lanƙwasa ƙafafu ko ya nemi wanda aka yi musamman dominsa. Gyaran ba zai ɗauki mai zane minti biyar ba, amma har yau ba a yi shi ba, saboda kafin a farga an riga an ƙera ɗimbin allunan goyo, wato waɗanda ake ɗorawa a bayan Uno don ƙara masa injin juyawa ko allon nuni ko kafar intanet, kuma duk a kan wannan tazara aka yanka su. Abin ya wuce Arduino ma. Lokacin da STMicroelectronics ya fitar da allunan Nucleo a 2014, sai da ya sa musu ramuka irin na Uno da karkatacciyar tazararsu, sannan ya jera nasa mahaɗin mai suna morpho a gefe don fitar da sauran ƙafafun cif ɗin. Babban kamfani ya bi sawun kuskuren ƙaramin, domin kasuwar allunan goyo ta fi ƙarfin tsabtar zane.

To amma wane ɓangare na alkawarin aka riƙe? Sura kawai. A kan Uno, layin I2C yana kan ƙafafun A4 da A5. A kan Arduino Mega yana kan 20 da 21. A kan Arduino Leonardo yana kan 2 da 3. Layin SPI yana kan 11 zuwa 13 a Uno, a Mega ya koma 50 zuwa 52, a Leonardo kuwa sai a ƙaramin mahaɗi mai ƙafa shida na ICSP ake samunsa. Allon goyo zai zauna daram a kan kowannensu, ya yi aiki a ɗaya, ya yi shiru a sauran. Wannan ne ya sa a fitowa ta uku ta Uno, wadda ake kira R3, aka ƙara ƙafafun SDA da SCL a wuri tsayayye, aka kuma ƙara IOREF don allon goyo ya gane ko bolt 5 ne a ƙasansa ko 3.3. Ƙarin ya zo a kan kari, domin Arduino Due na 2012 bolt 3.3 yake aiki da shi, kuma bolt 5 na iya ƙona masa ƙafa. Sai dai IOREF sanarwa ce kawai. Allon goyon da aka ƙera kafin ta, ko wanda mai shi bai damu da ita ba, zai tura wutarsa yadda ya saba. Ko Uno R4 da ya riƙe bolt 5 don kada ya saɓa wa magabatansa, miliamfiya 8 ake son a ja daga kowace ƙafarsa, alhali a R3 ana jan 20. Da'irar da ta yi shekaru tana aiki lafiya a tsohon allo za ta iya wahalar da sabon, kuma babu abin da ido zai gani a bakin ramin da zai yi gargaɗi.

Kafar USB: ayyuka da yawa a baki ɗaya

Allunan Arduino na farko da tsohuwar kafar siriyal mai ƙafa tara suke magana da kwamfuta. USB, wadda ƙa'idarta ta farko ta fito a 1996, ta biyu kuma a 2000, ta kori wannan kafa daga kwamfutoci, dole allunan suka bi. Hanyar da aka fara bi ita ce sanya cif na biyu a matsayin gada, yana karɓar saƙon USB yana mayar da shi siriyal ga ƙwaƙwalwar. A Arduino Duemilanove cif ɗin kamfanin FTDI ne ke wannan aiki, a Uno R3 ATmega16U2 ne, a yawancin kwafin da ake sayarwa da arha CH340 ne na kamfanin WCH da ke Nanjing, a allunan ESP32 da dama kuwa CP2102 ne na Silicon Labs. Hanya ta biyu ita ce ƙwaƙwalwar ta yi magana da USB da kanta, kamar yadda ATmega32U4 ke yi a Leonardo da RP2040 a Pico. Amfanin wannan a fili yake: an rage cif ɗaya, kuma allon na iya bayyana ga kwamfuta a matsayin madannai ko linzami ko ma'adanar fayil, abin da gadar siriyal zalla ba ta iyawa.

Matsalar ita ce kafa ɗaya tana ɗauke da aikin ba da wuta, da loda manhaja, da karanta abin da allo ke faɗa, da kuma aikin da mai shirin ya ɗora mata. Idan ƙwaƙwalwar da ke gudanar da shirin ɗalibi ita ce kuma ke riƙe da USB, to ranar da shirin ya maƙale, kafar na iya ɓacewa daga kwamfuta, a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Masu amfani da Leonardo sun san wannan: sai an danna maɓallin sake kunnawa, a yi sauri a loda sabon shiri kafin ƴan daƙiƙoƙin da aka ware su ƙare. A Uno hakan ba ya faruwa, domin gadar ba ruwanta da abin da ɗalibi ya rubuta. Tana nan a raye, kuma ta hanyar siginar DTR da ƙaramar kafasita take tada ƙwaƙwalwar a duk lokacin lodi. Wannan ne hikimar allunan da ke da kafa biyu. Due yana da kafar lodi da kafar kai tsaye, kuma ta lodin aka fi ba da shawarar amfani da ita don ta fi aminci. Allon ESP32-S3-DevKitC-1 na Espressif shi ma biyu gare shi, ɗaya ta bi ta gada, ɗaya ta tafi kai tsaye ga ƙafafu na 19 da 20.

Za a iya cewa wannan almubazzaranci ne. Kafa ta biyu da cif na biyu kuɗi ne da fili, gadar tana cinye ƙafafu biyu na siriyal, ga kuma dogaro da direban wani kamfani. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma abin da ya faru a Oktoban 2014 ya ƙara mata. A lokacin, wani sabon direban FTDI da ya shigo ta sabuntawar Windows ya riƙa goge lambar shaidar jabun cif-cif, ya mayar da ita sifili, allunan da mutane suka saya ba tare da sanin jabu ne a cikinsu ba suka daina bayyana. An janye direban bayan ƙorafi, amma darasin ya tsaya: wanda ke riƙe da gada yana riƙe da allonka. Amsar wannan takarda ita ce, abin da ake karewa ba yawan kafofi ba ne, hanyar ceto ce wadda shirin mai amfani ba zai iya rushewa ba. Kafa biyu hanya ɗaya ce ta samunta. Pico, wanda ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4, ya same ta da kafa ɗaya tak: manhajar tashinsa tana cikin ma'adanar da ba a iya gogewa, kuma duk wanda ya riƙe maɓallin BOOTSEL yayin jona kebul zai ga allon ya bayyana kamar filas, sai ya jefa masa fayil na UF2. Nucleo ya bi wata hanyar, ya haɗa na'urar ST-LINK a kan allon, a wasu samfuran ma har an yi mata layin da za a ɓalle ta idan aikin gwaji ya ƙare. Allon gwaji wuri ne da aka yi shi don a yi kuskure a kansa. Tsimin da ya dace da kayan da za a ƙera dubbai a sayar bai dace da shi ba.

Wuta

A ƙa'idar USB 2.0, kafa tana ba da bolt 5, na'ura tana farawa da miliamfiya 100, iyakarta kuma 500. Uno yana da fis mai farfaɗowa da kansa wanda ke yanke wuta idan aka zarce wannan iyaka. Ga fitila da na'urar auna zafi, ya isa har da saura. Amma aikin kammala karatu da aka saba gani a kwalejojin fasaha da jami'o'inmu, irin na'urar ban ruwa mai aika saƙo ta waya, yakan haɗa da ƙaramin allon GSM irin SIM800L, wanda kan fizgi wuta har amfiya 2 a ɗan lokacin da yake neman layi. Ƙafar da aka rubuta wa 5V a gefen allo ba ta faɗin wannan iyaka. Ɗalibi ya jona, allo ya riƙa mutuwa yana tashi, shi kuma ya koma yana tuhumar shirin da ya rubuta.

Idan aka koma ga ɗaya ƙofar wutar, a nan yanayinmu ya shigo. Batirin sola mai bolt 12 shi ne wutar da ta fi samuwa a gona da ƙauye, kuma Uno R3 yana karɓar bolt 7 zuwa 12 ta bakinsa na caja. Sai dai na'urar rage wutarsa irin wadda ke mayar da rarar zafi ce. Lissafin mai sauƙi ne: daga bolt 12 zuwa 5 akwai rarar 7, idan ana jan miliamfiya 300 sai a sami wat 2.1 na zafi a kan ɗan abin da bai kai farce ba. A ɗaki mai sanyi ma abin damuwa ne, balle a cikin akwatin roba a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda zafin iska kan haura digiri 40. Uno R4 ya sauya zuwa na'urar ragewa mai yanka wuta, yana karɓar bolt 6 zuwa 24, kuma ga mai aiki da sola wannan sauyi ya fi ƙarin megahaz amfani nesa ba kusa ba. Pico ma ya kyauta a nan, domin ya raba ƙafar VBUS da ta VSYS da dayod, takardunsa kuma sun zana yadda za a haɗa batiri da USB ba tare da ɗaya ya tura wa ɗaya wuta ba.

Shin USB-C ba ta kashe maganar ba?

Wannan ita ce suka mafi nauyi. Ƙa'idar USB-C ta fito a 2014, tana shiga ta kowace fuska, an tsara ta ta jure cirewa da sawa sau 10,000, kuma tun daga 28 ga Disamban 2024 Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta. Ana iya zaton ruɗanin tsofaffin bakunan USB, wato Type-B da Mini da Micro, ya zo ƙarshe. A ɓangaren sura, gaskiya ne, kuma ci gaba ne babba. A sauran ɓangarorin, baki ɗaya ya ɓoye bambance-bambance fiye da da. Bakin yana da ƙafa 24, amma yawancin allunan gwaji kaɗan suke amfani da su, gudunsu kuma megabit 12 ne a daƙiƙa, wato gudun da ake da shi tun 1996. Sannan caja mai bin ƙa'ida ba ta sakin wuta sai ta ga rasista mai kilo'om 5.1 a kan ƙafar CC. Allon da aka yi tsimin rasistocin ƙafafun CC ɗin biyu a kansa zai kama da kebul mai tsohon baki na A a ɗaya gefen, domin shi kullum wutarsa a sake take, amma da kebul mai C a gefe biyu ko fitila ba za ta kama ba. Ba ƙananan masu kwafi kaɗai ke tuntuɓe a nan ba. Raspberry Pi 4, wanda ƙaramar kwamfuta ce amma darasinsa ya shafi kowa, ya fito a 2019 da rasista ɗaya da ƙafafun CC biyu suka yi tarayya a kanta, sai cajoji masu kebul mai cif suka ɗauke shi a matsayin na'urar sauti suka hana shi wuta, har sai da aka gyara a fitowa ta gaba. Ga kuma kebul ɗin caji zalla da ya cika kasuwannin waya, wanda babu wayoyin saƙo a cikinsa: allo zai haska, kwamfuta ba za ta gan shi ba.

Akwai masu cewa lodi ta iska zai kori kebul gaba ɗaya, tunda ESP32 da ire-irensa suna karɓar sabuwar manhaja ta Wi-Fi. Amma shirin da zai karɓi lodin sai an fara sa shi ta waya, kuma ranar da ya lalace ta waya za a koma, a saukar da ƙafar GPIO0 ƙasa a tada cif ɗin a yanayin lodi.

Mahaɗin da ya taƙaita alkawarinsa

Idan matsalar ita ce sura ɗaya mai ma'anoni da yawa, to maganinta mahaɗin da ya yi alkawari kaɗan ya cika shi. Kwatanta Grove na Seeed Studio da Qwiic na SparkFun yana nuna haka. Dukansu ƙafa huɗu ne, kuma ba sa shiga a juye. Grove, mai tazarar milimita 2, yana amfani da fulogi iri ɗaya ga siginar kunna-kashe da ta awo da siriyal da I2C, wutarsa kuma ta danganta da allon, ko 3.3 ko 5. Don haka na'ura na iya shiga ramin da ba nata ba. Qwiic, wanda ya fito a 2017 da tazarar milimita 1, abu ɗaya ya sani: I2C a kan bolt 3.3. Adafruit ya yi STEMMA QT a kan fulogi iri ɗaya da jerin ƙafafu iri ɗaya, kuma Arduino da kansa ya sa bakin Qwiic a Uno R4 WiFi. Tsarin mikroBUS na MikroElektronika da ke Belgired ya bi ta wata fuskar, ya ba kowace ɗaya daga ƙafafunsa 16 aiki tsayayye a rubuce. Raspberry Pi ya ƙara taki ɗaya a 2014 da ƙa'idar HAT, inda allon goyo ke ɗauke da ƴar ma'adana mai faɗa wa na ƙasa ko shi wane ne da ƙafafun da yake buƙata.

Ba a ce waɗannan ba su da iyaka ba. I2C, wanda Philips ya ƙirƙira a 1982 don cif-cif da ke kan allo ɗaya, ba a yi shi don doguwar waya ba. Ƙa'idarsa ta kayyade nauyin layi a fikofarad 400, kuma na'urori biyu masu adireshi ɗaya ba sa zama a layi ɗaya sai da dabara. Ƙananan kebul ɗin ma ba a kowace kasuwa ake samunsu ba, alhali wayar tsalle mai tazarar 2.54 tana ko'ina, kuma ga wanda ke nesa da masu shigo da kaya wannan hujja ce ta gaske. Akwai kuma malaman da ke ganin fulogin da ba ya barin a yi kuskure yana hana ɗalibi sanin abin da ke gudana a ƙarƙashi. Wannan ra'ayi yana da gaskiyarsa a darasin da manufarsa koyon haɗa da'ira ce. Sai dai kuskuren da ke koyarwa shi ne wanda ɗalibi zai iya bin sawunsa da mita da takardar bayanin cif. Wanda ya jona na'urar awo a ƙafar ADC2 ta ESP32 ya ga ta daina karatu da zarar Wi-Fi ya tashi, ko ya nemi kunna fitila da ƙafa ta 34 wadda karɓa kawai take yi, ko ya taɓa ƙafafu na 6 zuwa 11 da ke haɗe da ma'adanar allon, ba dokar lantarki ya karya ba. An jera masa ramuka masu kama ɗaya ne ba tare da an rubuta bambancinsu a jikin allo ba. Sashen da zai sayi alluna hamsin don ɗakin gwaji zai zauna da ramukansu shekaru bayan cif ɗin ya tsufa, domin na'urorin awo da kebul da littattafan darasi duk a kansu za a tara, don haka kafin a tambayi mai kawo kaya gudun ƙwaƙwalwa, ya kamata a nemi zanen da'irar allon a duba ƙafafun CC da hanyar wutarsa.